Kunnuwan Jita

Auta ya daina cin abinci ne a tsakiyar damina, ranar da jita ta zame daga ƙirjinsa ta faɗi ƙasa.

Ƙanena ne, mu biyu kaɗai muka rage a ɗakin mahaifiyarmu. Shi ne na ƙarshe, shi ya sa har ya yi gemu ba wanda ya daina ce masa Auta. Ni kuwa Adda yake kirana, irin na mutanen Ngaoundéré, don can ne asalin mahaifiyarmu. Auta direban motar katako ne, manyan nan masu jawo gungume daga daji. Wata rana ana sauke kaya sarƙa ta tsinke, gungume ya mirgino ya same shi a baya. Ya yi watanni a asibiti, sannan aka ce mu ɗauke shi, abin da za a iya an yi. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi, zama ma ba ya yiwuwa, sai kwanciya rigingine. Ba shi da mata, iyayenmu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Maigidana ya kwashe yadukan da yake ajiyewa a ƙaramin ɗakin da ke jikin madafa, muka sa gadon ƙarfe, muka kawo shi gidanmu a unguwar Briqueterie.

Da farko yana ci. Har tsokanar maigida yake yi, irin wasan nan na miji da ƙanin mata. Maigida tela ne, shagonsa na bakin titi, kuma mutum ne da ba a rasa shi a sahun farko. Auta kan ce masa ya huta da ɗinka masa wando, riga ta ishe shi yanzu. Maigida kan ce ai ko da ƙafafun na aiki ba masallaci suke kai shi ba. Su yi ta yi, ni ina jin su daga bakin murhu, ina gode wa Allah.

Sai wata Lahadi abokin aikinsa ya zo dubiya, wani dogon mutum ɗan ƙabilar Ewondo, shi ma direba. Shi ya koya wa Auta kaɗa jita a sansanin masu katako, inda sukan kwana suna jiran a yi musu lodi. Da kyakkyawar niyya ya zo da tasa, ƙatuwa, cikinta kamar randa. Ya ɗora masa a ƙirji. Gefenta ya tokare masa haɓa, hannunsa na dama ya kasa zagayo ta, haƙarƙarin da bai gama ɗinkewa ba ya hana shi numfashi. Ya yi ƙoƙarin gyara ta, ta sulale ta bugi siminti. Ƙarar ta daɗe tana yawo a ɗakin. Auta ya ce wa abokin, da Faransanci, ya ɗauke abinsa. Sannan ya juya fuskarsa bango. Fuskar kaɗai, don jikin ba ya juyuwa.

Daga ranar babu abin da ban kai masa ba. Kunun gyaɗa da lemon tsami kamar yadda mahaifiyarmu ke damawa. Tuwon shinkafa da miyar kuka. Na aika aka sayo tsire mai zafi daga bakin titi, na sa a gefen matashinsa don ƙamshin ya yi mini aikin da bakina ya kasa. Ruwa kaɗai yake kurɓa, sai rubutun da malam ya aiko, shi ma don kada ya kunyata maigida ne. Na lallashe shi, na yi faɗa, na tuna masa cewa ran ba nasa ba ne, amana ce, wanda ya kashe kansa da yunwa ya san makomarsa. Duk tsawon maganata abu ɗaya ya ce.

"Adda, ki daina ɓata gawayinki."

Kwanciya ta fara cin bayansa. Matar da ke zuwa wanke masa gyambon ta ja ni bakin ƙofa ta ce jikin da ba ya samun abinci ba ya rufe ciwo, in aka ci gaba a haka mu fara shiri. Ban tambaye ta shirin me ba. A makon nan ne na leƙa shagon maigida kai masa abinci, na ga ya ware bandir ɗin alawayyo fari ya ɗora can saman kanta, shi kaɗai, ba tare da sauran yaduka ba. Ya ga na gani.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna ƙarami ne. Wata hantsi ina shara a ƙofar ɗakinsa, rediyon maƙwabta na kiɗa, na hangi hannunsa na hagu riƙe da ƙarfen gado. Yatsun suna tafiya a kai, su danna nan, su ɗaga, su koma can su tanƙware. Babban yatsansa na dama yana shafar bargo sama da ƙasa. Idonsa a rufe, fuskarsa na bango, ya ɗauka ba mai kallonsa. Duk jikin nan ya sallama, ban da yatsun.

A gidan da na tashi, jita kayan mashaya ce. In an ji ta, daga gidajen giya na unguwar Madagascar take fitowa, iska ta kawo ta har tsakar gidanmu, mahaifinmu ya yi tsaki ya rufe taga. Ni da kaina na sha yi wa Auta wa'azi a kanta. Saboda haka da na durƙusa gaban maigida bayan ya ci abincin rana, sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da nake so. Na ce ƙarama, wadda za ta zauna a ƙirjin mai kwance. Ya daɗe yana kallon kwanon da ya gama da shi.

"Ni hannuna ba zai sayo ta ba," in ji shi. "Gobe ki je kasuwa. Abin da kika dawo da shi ban tambaye ki ba."

Na san Auta ba zai bari in auna shi ba. Da yamma na zauna gefen gadon kamar kullum zan yi masa tofi, na miƙe carbina a kan ƙirjinsa, daga ƙarƙashin haɓa zuwa inda ciwon haƙarƙari ya fara, na danne wurin da farce. Addu'ar da gaske nake yin ta, awon ma da gaske, Allah Ya san da duka biyun. Na fita na yanki ƙyalle daidai tsawon a cikin ragowar yadin maigida, don ba zan ɗora carbi a kan jita ba. Na sa aka kira mini abokin nasa. A bakin ƙofa ya tsaya, hula a hannu, yana ta ba da haƙuri kamar shi ne gungumen. Ya ce ƙananan akwai su, amma masu kyau tsada gare su, masu arha kuma yawanci kayan wasan yara ne. Ya ce in leƙa wuyanta daga kai zuwa gindi, kamar mai duba ko taɓarya a miƙe take. Kuma wayoyin su kwanta kusa da katakon, don mai yatsu marasa ƙarfi ba zai iya danne waya mai tashi ba.

Da sassafe na cire 'yan kunnen da aka kawo ni gidan nan da su, na kai wa maƙerin zinariya na bayan masallaci. Abin da ya ba ni na ƙulle a bakin zane, na shiga taksi zuwa cikin gari.

A kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, na fara. Na yi wa mai jiran kantin Faransancin da na koya a kolej, na ce ina son *petite guitare*, wato ƙaramar jita. Ya tambaye ni shekarun yaron nawa. Kafin in ba shi amsa ya ɗauko wata ja ta roba, da zanen tsuntsu a jiki, wayoyinta kamar zaren kamun kifi. Na ce ta babban mutum nake nema, mara lafiya. Sai ya nuna mini sama. Tana rataye a bango, ƙarama, mai siririn ƙugu, launinta kamar zuma a kwalba. Ya faɗi kuɗinta, na ji ƙullin zanena ya koma ba komai, ko wuyanta ba zai saya ba. Duk da haka na roƙe shi ya sauko da ita. Ya sauko da ita yana ɓata rai. Na shimfiɗa ƙyallena a cikinta, ya zauna cif kamar don ita aka yanke shi. Da ma bai yi daidai ba, da na fita da sauƙin zuciya.

Ruwa ya tsuge kafin in kai kasuwar Mokolo. Na bi layin masu tsofaffin kaya, tsakanin rediyoyi marasa murfi da dutsen guga na gawayi. Wani mai surutu ya kama ni da "Mami, Mami", ya zaro mini jita daga ƙarƙashin tebur yana rantsuwa wani babban makaɗi ne ya sayar masa. Na ɗaga ta na leƙa wuyan kamar yadda aka koya mini. A lanƙwashe yake kamar bayan tsohuwa, ɗan yatsana ya shige ƙarƙashin wayoyin har da saura. Wata kuma bayanta a tsage, an liƙe da ƙaro an shafe da man takalmi. Sauran duk manya, ƙyallena ko rabinsu bai rufe ba. Mutane na kallona, mace da mayafi har ƙasa tana leƙen wuyan jita kamar maharbi. Ban damu ba. Tunanina ɗaya, na bar shi da kofin ruwa a gefen gado, ban sani ba ko zan tarar ya taɓa.

Azahar ta same ni a can. Wata mai sayar da garin rogo ta ba ni wuri bayan buhunanta na yi salla. Da na ɗaga hannu sai na rasa yadda ake roƙon Allah jita. Na ce, Ya Ubangiji, Ka sa ƙanena ya ci abinci, ta kowace hanya Ka ga dama. Matar ta ga idona, ta tambaye ni, na gaya mata. Ita ce ta ce akwai wani kafinta a Madagascar, can saman tudu, yana yi wa mawaƙan coci jita da hannunsa.

Na hau tudun nan jar laka na cire mini takalmi. Abin da ba ta gaya mini ba, asalin sana'ar mutumin akwatin gawa ne. Suna jingine a barandarsa, manya da ƙanana, wasu an shafa musu fenti, wasu ba a kai ga murfi ba. Na tsaya cak. Mu ba a sa mu a akwati, amma alawayyon nan na saman kanta shi ya faɗo mini. Ƙafata ta ce in koma. Na yi a'uziyya na ratsa ta tsakaninsu.

Tsoho ne, fensir a bayan kunne, garin katako a girarsa. Da ragowar katakon akwatunan yake yin jitar, ya faɗa mini haka ba tare da ya ga wani abu a ciki ba. 'Yan kaɗan ne rataye a ƙusa. Ƙaramar cikinsu ya ce 'yarsa ya yi wa, ta yi aure a Douala ta bar ta. Ba ta da ado ko kaɗan, fara ce sol, a gefe ɗaya ma ana ganin sawun abin gogewa. Na ɗora ƙyallen, ya rufe cikinta har ya ɗan zarce. Na leƙa wuyan, a miƙe. Na gwada tura yatsa ƙarƙashin wayoyin, farce ma da ƙyar. Tsohon ya yi dariya, ya ce wane makaɗi ne ya aiko ni.

Saura abu ɗaya, wanda ba wanda ya koya mini. Na ce a kira mini matarsa. Na roƙe ta ta shigar da ni ɗaki, ta rufe ƙofa. Na shimfiɗa mayafina a ƙasa na kwanta rigingine, a gidan mutanen da ban taɓa gani ba, na ɗora jitar a ƙirjina. Matar ta fara dariya. Na ja numfashi, jitar ta ɗaga tare da ni, na sauke, ta sauka. Ba ta fi faifai da ɗan gari a kai nauyi ba. Na zagayo ta da hannun dama, ya kai ba tare da na ɗaga kafaɗa ba. Da na dubi matar ta daina dariyar, ta tambaye ni ɗana ne ko mijina. Na ce ƙanena. Da muka fito tsohon ya faɗi kuɗi, na kwance bakin zane, bai cika ba. Matar ta yi masa wata gajeriyar magana da yarensu, ya karɓa.

Kafin ya miƙo mini ya zauna a kan wani akwatin, ya daɗe yana saurarenta waya bayan waya, ya ɗan kaɗa. Sannan ya ɗaga mini yatsa.

"*Surtout, madame, ne touchez pas aux clés.*"

Wato kada in kuskura in taɓa makullan. Na ce to. Ina saukowa tudu ina juya ta, ban ga kwaɗo ba, ban ga ramin makulli ba. Na ce wataƙila akwatin ajiye ta yake nufi, wanda ban saya ba. Komawa in tambaya kuwa, ni da nake ta zuba masa Faransancin kolej, kunya ta hana.

Da na kusa unguwa na ratse bayan wani gida na goya ta da zane, na rufa mayafi. Ƙanƙantarta ta yi mini rana, sai dai wuyan da ya leƙo ta bayan kunnena. A bakin famfo wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta bi ni da ido, ta ce ɗan wa na goyo haka mai dogon wuya, Allah Ya raya. Na ce amin, ban tsaya ba.

Kofin ruwan na nan yadda na bar shi. Na wuce ɗakina na kwance goyon, na goge lakar da ta fantsalar mata. A nan ne na lura da kunnuwanta, 'yan katakon nan da ke can saman kai, inda wayoyin suka naɗe. Kowanne ya kalli inda ya ga dama, wannan gabas, wannan a karkace, wancan a kwance. Ni kuwa mace ce da ko kwanukan jerena ba na barin ɗaya ya kauce wa layi, a gidan tela kuma nake, inda maɓalli ke bin ɗan'uwansa. Na ce tsohon nan ganin kuɗina bai cika ba ya bar mini aikin a haka. Ban so Auta ya gane ta masu arha ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na murɗa, har duk suka tsaya a miƙe, sahu guda. Wasu wayoyin suka ɗaure tamau, wasu suka yi laƙo-laƙo. Na dube ta na ji daɗi.

Na shiga na ɗora masa a ƙirji. Ta zauna kamar an haife shi da ita. Bai juyo ba, hannayensa ba su tashi daga bargo ba.

"Ki mayar musu," ya ce.

Na ɗauke ta. Na zauna a ƙasa jikin gadon. Babu sauran abin da zan dafa, babu sauran abin da zan sayar, babu sauran wa'azi. Ban san lokacin da na ja babban yatsana a kan wayoyin ba, yadda na ga yana yi wa bargo. Abin da ya fito ba shi da suna. Kamar an tura akuya cikin tulin kwanuka. Na sake ja, ina kuka, na sake.

"Adda." Ya juyo. "Wa ya taɓa kunnuwan nan?"

"Ni na gyara su. A karkace suke."

Gadon ya fara girgiza. Na zabura, na ɗauka abin da matar nan ta ce mu shirya masa ne ya zo. Ashe dariya ce, ba sauti, yana dafe da haƙarƙari, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Kin gyara su," ya ce da ya samu numfashi. "Kawo ta nan kafin ki ƙarasa ta."

A bakinsa na ji cewa su ne makullan da tsohon ke nufi, kuma karkacewar tasu ita ce daidaituwar muryar. Ya kama na farko zai murɗa. Katako ne cikin katako, damina ta kumbura shi. Yatsunsa suka zame. Ya sake kamawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannun ya faɗi kan bargo. Na ga dariyar na janyewa daga fuskarsa, na ga wuyansa ya fara komawa wajen bango. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na barandar akwatuna.

Sai ga maigida a bakin ƙofa, ya dawo daga la'asar. Ya ce tun daga waje ya ji kamar ana yanka ba bisimilla. Ya dubi jitar, ya dubi hannun Auta, ya dubi kunnuwana da ba 'yan kunne. Ya cire takalmi ya zauna a bakin gadon. Ya ce shi bai taɓa kiɗa ba tun da aka haife shi, ba kuma yau zai fara ba, amma wannan ai ba ta da bambanci da abin ɗaure zare na keken ɗinki.

"Faɗa mini, ƙanin mata. In ɗaure ko in sassauta?"

Auta ya taɓa waya ɗaya.

"Ɗaure. Kaɗan. Ka wuce, tela, wannan ba wuyan riga ba ne."

Haka suka bi su duka, ɗaya na murɗawa yana kallon rufi kamar ba hannunsa ke yi ba, ɗaya na saurare yana zaginsa. Sahun da na tsayar ya watse, kowane kunne ya koma kallon inda ya ga dama. Auta ya ce a wannan ruwan gobe ma sai sun saki. Maigida ya miƙe yana kaɗe riga.

"To gobe sai ka nemi mai murɗa maka. Ni dai na yi na farko na yi na ƙarshe. Yayarka kuma ka ga irin aikinta."

Ya fita. Auta ya ɗora yatsun hagu a wuyan jitar ya danna, ya kaɗa. Wayoyin suka yi zizar ƙudan zuma, yatsun ba su da ƙarfin kai su ga katako. Ya ɗaga hannun ya daɗe yana kallonsa, gaba da baya, ƙashi da fata.

"Akwai sauran kunun nan?"

Na ce ya huce, bari in ɗumama.

"Kawo shi haka."

Cokali kaɗan ya sha, ya dawo da rabi, na goge masa, ya ce in ƙaro.

Ba zan ce daga nan komai ya warware ba. Bai ƙara zama ba har ya bar duniya. Gyambon bayansa sai da rani ya shigo ya rufe, kuma akwai ranakun da ya sake juya wa bango fuska, ni kuma in koma bakin murhu. Amma ko a irin ranakun, wayoyin kan saki, shi kuma ba ya iya jure jin su a sake. Ya yi shekaru a ɗakin nan yana kaɗawa a hankali, da an fara kiran salla ya kife tafin hannu a kan wayoyin. Alawayyon kuwa maigida ya sauko da shi kafin Salla, ya yayyanka ya yi aljihunan riguna.

Jitar na rataye a ɗakina yanzu. Kunnuwan na nan yadda ya bar su, a karkace, har yau in na dube su hannuna na ƙaiƙayi. In zan goge ƙura, kewaye su nake yi.